Kurakuran da muke yi da ƙwai a gidajenmu

Duk wanda ya tsaya teburin mai shayi da safe a Marwa ko Garwa zai ga bakin da ƙwai yake shiga. Magidanci ne a kan benci, a fasa masa biyu ko uku, a yanka albasa da attaruhu, wani ma a zuba masa taliya a ciki, ya haɗa da burodi. A gida kuwa ɗansa ɗan wata takwas tsinkakken kunun dawa yake sha, uwar da ke shayar da shi ma haka. A ganina babu kuskuren da ya kai wannan, domin wanda ya fi buƙatar ƙwai shi ake hanawa.

Camfi ne ya riƙe mu. Ana cewa yaron da ya saba da ƙwai zai tashi da sata, mai ciki kuma in ta ci, ɗan zai yi girma haihuwa ta yi wuya. Babu hujjar ko ɗaya. Ƙwai guda yana ɗauke da kusan giram 6 na furotin, sinadarin da ke gina tsoka, da bitamin A da D da B12, da kolin wanda ƙwaƙwalwar jariri ke buƙata tun yana ciki. Cikin yaro ƙarami ne, ludayi kaɗan ya cika shi, saboda haka abin da zai shiga ya kamata ya zama mai amfani sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga wata 6, tare da nono, a riƙa ba yaro nama ko kifi ko ƙwai kullum. A wani bincike da aka wallafa a 2017, an ba jarirai a ƙasar Ikwado ƙwai ɗaya kowace rana har wata shida, sai tsumburewa ta ragu da kashi 47 cikin ɗari. Da aka maimaita a Malawi ba a ga irin wannan bambanci a tsayin yara ba, wato ƙwai ba ya aikin shi kaɗai, sai da sauran abinci da tsabta. Duk da haka, a ƙauyen da nama sai ranar kasuwa, da wuya a samu abin da ya fi shi sauƙi.

Gyaran ba wuya. Ki dafa shi ya yi tauri, ki murje da cokali, fari da gwaiduwa, ki gauraya cikin kunu mai kauri ko fate. Ki fara da kaɗan. In kika ga ƙuraje sun feso, ko leɓe ya kumbura, ko amai, ki dakata ki kai shi asibiti, don akwai yaran da jikinsu ba ya karɓa, ko da yake ba su da yawa.

Abin da ke ci mini rai shi ne na damina, lokacin da zabi ke zuba ƙwai. Uwar gida ta tara a ƙwarya, ta aika kasuwa gaba ɗaya, kuɗin ya tafi a ɗanɗanon miya da biskit. Na san halin babu, ba na zargin kowa, amma a ware ɗaya ko biyu kafin ƙwaryar ta fita. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Sai masu shan ɗanye. Samari na kaɗa shi cikin madara wai don ƙarfi, ana ba maras lafiya wai ƙarin jini. Jiki yana cin moriyar kusan rabin furotin ɗin ɗanyen ƙwai ne kawai, na dafaffe kuwa wajen kashi 90 cikin ɗari. Ga haɗarin ƙwayar cutar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi, wadda ta fi kayar da yara da tsofaffi da masu ciki. Batun jini ma, sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙwai kaɗan ne. Mai ƙarancin jini ya nemi nama da wake da zogale, mai ciki kuma kada ta bar maganin da ake ba ta wurin awo.

Wasu kuma gwaiduwa suke zubarwa don tsoron kolestarol, wani nau'in kitse da ke cikin jini. To ai kusan duk bitamin ɗin a nan yake, har da kusan rabin furotin. Yawancin kolestarol na jini jiki ne ke sarrafa abinsa, musamman hanta, kuma ga mai lafiya ƙwai ɗaya a rana ba matsala. Mai ciwon sukari ko na zuciya ya tambayi likitansa. Abin da ya fi cancanta a rage shi ne man da wainar ƙwai ke iyo a ciki, da gishiri da dunƙule.

Ajiya ma muna sake da ita. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Kusiri da Njamena yana haura digiri 40, ƙwai ba ya jimawa. Kada a wanke shi sai za a dafa, domin ɓawon yana da wani siririn rufi da ke tare ƙananan ƙofofinsa, ruwa yana ɗauke shi, ƙazanta ta samu hanya. In da kashin kaza a jiki, a goge da busasshen tsumma, a ajiye a inuwa kusa da randa in babu firiji. Wanda ya tsage, a bar wa mai shi. In ana shakka, a jefa cikin kofin ruwa: sabo yana kwanciya a ƙasa, wanda ya taso sama ya tsufa, wataƙila ma baragurbi ne, a fasa shi a kwano dabam kafin ya ɓata sauran.

Dafaffen ƙwan tasha da ya yini a faranti cikin rana, kada a ba yaro, ko da yajinsa ya yi ƙamshi. A gida minti 10 bayan ruwa ya tafasa ya isa. Koren zoben da ake gani kewaye da gwaiduwa alamar ya daɗe a wuta ne, ba lalacewa ba ce, ana iya ci.