Yadda ake hana kai kwanciyar rigingine ga mai ɗaukewar numfashi cikin barci

Akwai minshari, akwai kuma wanda ya wuce minshari: mutum ya yi tsit na daƙiƙa 10 ko fiye, ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga, sannan ya zabura da shaƙewa. Wannan ya fi tsananta idan an kwanta rigingine, domin idan barci ya yi nauyi harshe da naman bayan ganɗa suna saki, sai su zube baya su toshe maƙogwaro. Kusan rabin masu wannan matsala suna samun sauƙi sosai da zarar sun koma kwanciyar gefe. Kwanciya a gefen dama sunna ce da kowa ya sani, amma niyya ba ta bin mutum cikin barci. Ka kwanta a dama bayan isha'i, ƙarfe biyun dare maiɗakinka ta same ka kana fuskantar rufin ɗaki. Dole a sa wani abu a bayanka da zai riƙa mayar da kai.

Fara da neman singileti ko 'yar shat mai kama jiki, ka kai wa tela ya ɗinka maka aljihu a baya. A ƙasashen waje ƙwallon tanis ake sakawa. Mu nan Katsina ba sai ka sha wahalar nemansa ba, busasshiyar goruba ta wadatar, ga arha ga tauri. Ka zura ta cikin tsohuwar safa, ka ninka bakin, don kada ta goge maka fata.

A wurin aljihun nan ne na ga mutane da yawa sun ɓata aikin, sannan su ce dabarar ba ta ci. Na farko, rigar. Wani zai ɗauko jallabiyar barci ko babbar shat mai walawa ya ce ta isa. Ba ta isa ba. Da ya juya sai rigar ta murɗe, gorubar ta gangaro ƙarƙashin hammata, shi kuwa ya miƙe rigingine abinsa har asuba. Sai rigar da ta manne da jiki, wadda idan ka ja ta daga baya ba ta wuce faɗin yatsu biyu. Na biyu, tsayin aljihun. Tela zai so ya sa shi ƙasa wajen ƙugu saboda ya fi sauƙin ɗinki. Kada ka yarda. Wurin nan akwai lotsawa a bayan mutum, gorubar za ta shige ciki ba ka ji ta ba. Ka sa rigar a jikinka a gabansa, ya ɗiga alli daidai tsakanin kafaɗunka biyu, a kan layin gadon baya, nan za a ɗinka. Aljihun ya zama siriri, a tsaye, yadda abin ciki ba zai yi yawo ba, a kuma sa masa zif ko maɓalli saboda wanki. Ban yarda da maƙala safa da fil ba ko kaɗan, yana buɗewa cikin dare ya soki mutum.

Katifa ma tana da nata. Idan taka ta yi laushi ko ta lotsa a tsakiya, za ta haɗiye goruba ɗaya. Ka jera uku, ɗaya bisa ɗaya. Mai kwana a tabarma ko katifa mai tauri kuwa ɗaya ta ishe shi, har ma ya ƙara mata safa ta biyu.

Idan zafin Afrilu da Mayu ya kama, ga rashin wuta, za ka tarar ka tuɓe rigar cikin barci ba ka sani ba. A lokacin sai ka koma ɗamara: ƙyalle mai faɗin tafin hannu, da aljihu a tsakiya, a ɗaura a ƙirji ƙarƙashin hammata. Kada a matse ta har ta takura numfashi.

Sauran masu sauƙi ne. Matashi ɗaya tsakanin gwiwoyi, wani dogo ka runguma ta gaba. Idan kana son ɗaga kai, sa bulo ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen kai, kada ka tara filo uku, lanƙwasa wuya kawai suke yi. Makon farko za ka riƙa farkawa, kafaɗa ta yi tsami, a nan mafi yawa ke watsarwa. Ka daure. Ka roƙi maiɗakinka ta riƙa lura, ko ka bar waya tana naɗar sauti har safe.

Idan a gefen ma numfashin na tsayawa, ko kana tashi da ciwon kai, ko gyangyaɗi na kama ka kana tuƙi a hanyar Kano ko Daura, ko hawan jininka ya ƙi jin magani, to abin ya fi ƙarfin goruba. Ka je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ka ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Wanda aka riga aka ɗora a kan na'urar CPAP, mai hura iska ta hanci lokacin barci, kada ya ajiye ta saboda wannan dabara sai da izinin likitansa. Kuma duk wannan na manya ne, jariri a rigingine ake kwantar da shi.