Yadda za ka ƙalubalanci kuɗin gyaran waya da intanet bayan sauya kamfani

A Damagaram, mai shagon buga takardu ko mai ɗakin sayar da magani da ya bar wani kamfanin sadarwa ya koma wani yakan wayi gari da faktir biyu, wato takardun neman biya, idan layi ya lalace: tsohon kamfani yana neman kuɗin na'urarsa, sabon kuma yana neman ladan zuwan ma'aikacinsa. Kafin ka fitar da ko dala ɗaya, sai an amsa maka tambaya biyu a rubuce, wato a ina ɓarnar take, kuma wace rana ta faru.

Fara da sanin irin layin da kake da shi. Layin waya na ƙasa gado ne na Sonitel, tsohuwar ma'aikatar waya ta gwamnati, wadda aka haɗe da kamfanin salula SahelCom a 2016 aka kafa Niger Telecoms. Airtel, Moov Africa da Zamani Telecom, wato tsohon Orange Niger da kamfanin Zamani Com ya saya a 2019, yawancin masu hulɗa da su ta iska suke samun reso, ko dai a salula ko a 'yar na'urar nan da ake sa wa kati tana raba intanet a gida. Idan layinka na igiya ne, akwai iyaka tsakanin abin kamfani da naka. A bisa al'adar wannan sana'a, igiyar da ta taso daga turke a titi zuwa inda ta shiga gida tana wuyan kamfani, abin da ke cikin ɗaki kuwa yana wuyan mai gida. Duba kontaranka ka ga inda aka aza wannan iyaka, domin a kanta yawancin gardamar take tsayawa.

Idan kuwa na'ura mai kati ce, tambayar ita ce ko sayenta ka yi ko aronta aka ba ka. Wadda aka ara ana mayar da ita ranar rabuwa, kuma ina jan kunnen kowa kada ya miƙa ta a ajans, wato ofishin kamfanin, ya juya baya hannu rabbana. Ka sa a kunna ta a gabanka, a rubuta lambar da ke bayanta a kan resi, a buga hatimi da kwanan wata. Wannan 'yar takarda ita ce za ta rufe bakin duk wanda ya zo bayan wata uku yana cewa a lalace ka kawo ta. Ka kuma sani cewa sau da yawa na'urar wani kamfani a kulle take, ba ta karɓar katin wani, saboda haka ƙin aikinta da sabon kati ba lalacewa ba ce, bai kamata a karɓi kuɗin gyara a kai ba.

Ranar da ma'aikaci ya zo, ka tsaya a kansa. Tambaye shi cikin ladabi, “Malam, nuna mini wurin da abin ya ɓaci,” sannan ka ɗauki hoto. Kada ka yarda a taɓa komai sai an faɗa maka kuɗin aikin a rubuce, kuma kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. Da yake da Faransanci ake rubuta su, ba abin kunya ba ne ka kira wani ya karanta maka. Za a iya ce maka tsawar damina ce ko dawowar wuta da ƙarfi ta ƙone na'urar, kuma hakan yana faruwa a garin nan, amma faɗa da baki bai isa hujja ba, sai ya rubuta abin da ya gani ya sa sunansa.

Idan faktir ta fito da jika goma ko ashirin da ba ka yarda da su ba, rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga shugaban ajans, ka ambaci lambar layinka, ranar da ka bar tsohon kamfani, ranar da sabon ya haɗa ka, da adadin da kake musu a kai. Kai kwafi biyu, a buga hatimi a kan naka. Ka ci gaba da biyan kuɗin wata da babu gardama a kansa, don kada a yanke layin a ce bashi ne.

Idan an yi shiru ko amsar ba ta gamsar da kai ba, sai ka ɗaukaka kuka zuwa ARCEP, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin sadarwa da gidan waya, wadda cibiyarta take Yamai. Haɗa kwafin kontara, faktir, resi, hotuna da wasiƙar nan mai hatimi ka aika, ka riƙe takardun asali a hannunka.