Dabarar cika kwali a shagon LEGO

Iyaye, in kun shiga shagon LEGO, irin na Leicester Square a Landan, ku nufi bangon Pick a Brick, inda mutum yake zaɓar tubalan wasan yara da kansa ya cika kwali.

A can kuɗin kwali ake biya, ba nauyi ba. To kar ku zuba tubalan a warwatse, iska za ku saya.

Ku danna su ɗaya kan ɗaya, ku jera a ƙasan kwalin, sannan ku cike lungunan da ƙanana. Rabin awa na yi a tsugune, ɗana yana miƙo min jajaye, kwalin ya ci fiye da zatona.

Amma dole murfi ya rufu. Kuma kayan bangon canzawa suke, ba lallai ku samu wanda yaro ya ɓatar ba.

Mai yaro ƙasa da shekara 3, bar ƙananan, zai iya haɗiyewa.