Yadda ake zaɓen zangon motar gida kusa da birnin bakin kogi a Amurka

Motar gida, wadda Amurkawa ke kira RV, mota ce mai gado da madafi da banɗaki a ciki, wasu kuma tirela ce da ake ja. Idan dare ya yi akan nema mata zango mai wuta da ruwa da magudana. Zangunan da ke bakin kogi su ne suka fi kyau a hoto, kuma su ne suka fi buƙatar bincike kafin a biya kuɗi. Mu ɗauki Memphis da ke bakin kogin Mississippi, domin duk abin da ake dubawa yana nan.

Fara da ƙasar wurin, kafin farashi. An gina Memphis a kan tudu a gaɓar gabas, ɓangaren jihar Tennessee. Tsallaken kogi kuwa, West Memphis da ke Arkansas, fadama ce shimfiɗaɗɗiya wadda doguwar ganuwar ƙasa ke kare ta daga ruwa. Tambayar farko ke nan: zangon yana bayan ganuwar ne, ko yana tsakaninta da kogi? Buɗe taswirar tauraron ɗan'adam, za ka ga ganuwar kamar dogon zare mai ciyawa yana bin kogi. Zangon da ke gabanta, irin su Tom Sawyer's RV Park, daga tagar motarka kana kallon jiragen dakon kaya suna wucewa, amma idan kogi ya cika rufe shi ake yi. Wanda bai son wannan zullumin ya nemi kan tudu, kamar gandun jiha na Meeman-Shelby a arewacin birnin ko T.O. Fuller a kudancinsa.

Daga nan ka koyi karanta ma'aunin kogi. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka tana wallafa tsayin ruwa da hasashen kwanaki masu zuwa a intanet, kyauta. A Memphis matakin ambaliya ƙafa 34 ne. A watan Mayun 2011 ruwa ya kai kusan ƙafa 48. A St. Louis, wani birni a kan kogin can arewa, matakin ƙafa 30 ne, a 1993 kuma ya haura 49. Wannan lamba ba zurfin kogin ba ce, tsayi ne daga wata alama da aka kafa, shi ya sa a kakar 2022 da ta 2023 ma'aunin Memphis ya sauka ƙasa da sifili alhali ruwa na gudana. Kira ofishin zangon ka tambaye su: a ƙafa nawa ruwa ke taɓa hanyar shigowa, a ƙafa nawa kuke kwashe mutane, kuma idan kun rufe kuna mayar da kuɗi? Hanyar ta fi filin muhimmanci, domin sau da yawa ita ke fara nutsewa. Mota tana tsaye a busasshen wuri, amma ba ta da mafita.

Babban kogi yana ba da sanarwa. Ruwan da kogin Ohio ya zuba wa Mississippi a Cairo ta jihar Illinois yakan yi kwanaki kafin ya iso Memphis, kuma an fi ganin cikarsa daga Maris zuwa Mayu. Ƙananan kogunan da ke cikin duwatsu ba su da wannan haƙurin. A ranar 4 ga Yulin 2025 kogin Guadalupe da ke Texas ya tashi kimanin ƙafa 26 cikin minti 45 da asuba, ya kwashe motocin gida a kewayen garin Kerrville, mutane fiye da ɗari suka rasu. A Yunin 2010 mutum 20 suka rasu a zangon Albert Pike da ke Arkansas, shi ma cikin dare. Idan kogin da za ka kwana kusa da shi irin wannan ne, kada ka karɓi layin da ke bakin ruwa ko da kyauta ne. Tabbatar akwai sabis ɗin waya a filin, ka bar faɗakarwar gaggawa a kunne, kuma tun da rana ka taka da ƙafarka zuwa tudu mafi kusa don ka san hanyar.

Sai batun wuta. Motocin gida iri biyu ne: mai amfiya 30 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ake ja ne), fuloginta ƙafa uku, tana jan wat 3,600, da mai amfiya 50, ƙafa huɗu, tana iya jan wat 12,000. Kama fili mai soket irin na motarka. Akwai mahaɗin da ke haɗa mai 50 da soket ɗin 30, amma na'urar sanyaya ɗaki ɗaya kawai za ka iya kunnawa, kuma zafin Memphis a Yuli mai gumi ne, ba wasa. A zangon da ruwa ya taɓa shanyewa, buɗe murfin akwatin wutar ka duba da idonka: tsatsa, busasshen taɓo a ciki, ko baƙin ƙuna a bakin soket, duk dalilai ne na neman wani fili. Kashe makunnin, jona na'urar kariyar wuta, kunna, ka karanta. Ya kamata ka ga kusan bolt 120. Idan yana sauka wajen 105 da rana tsaka lokacin da kowa ya kunna sanyi, injin na'urar sanyinka zai iya yin zafi har ya ƙone.

Ruwan famfo ba shi da wahala. Ɗaura mai daidaita ƙarfin ruwa a bakin famfon, a saita shi tsakanin PSI 40 zuwa 50 (PSI ma'aunin ƙarfin ruwa ne), sannan farin tiyo na ruwan sha. Bututun cikin mota na roba ne, ƙarfin ruwan gari yana iya ɓalle mahaɗinsu a bayan bango.

Magudana ce ke raba zanguna. Wanda aka rubuta wa full hookup yana da wuta da ruwa da ramin masai a kowane fili. Da yawa daga zangunan gwamnati, ciki har da na rundunar injiniyoyin sojan Amurka da ake kamawa ta shafin intanet na Recreation.gov, wuta da ruwa kawai suke bayarwa, sai wuri guda a bakin ƙofa na juye tankunan motar da ke tara masai da ruwan wanka. Suna da arha da faɗi, amma yawanci kwana 14 ne iyakar zama, kuma wata shida kafin lokaci ake buɗe rajista. Ko da akwai rami a filinka, bar bawul ɗin tankin masai a rufe har ya cika kashi biyu cikin uku. Idan ka bar shi a buɗe ruwan zai tsiyaye, daskararren ya taru ya bushe a ƙasan tanki. Juye na masai tukuna, sannan na ruwan wanka ya wanke tiyon.

Auna motarka da kanka: tsawo har da abin da take ja, tsayi har da na'urar sanyin da ke kan rufi, wanda a manyan motoci yakan kai ƙafa 13 da rabi. Rubuta lambobin ka manna kusa da sitiyari, saboda tsofaffin unguwannin bakin kogi cike suke da gajerun gadojin jirgin ƙasa. Wanda bai gwanance da ribas ba ya nemi filin da ake shiga ta gaba a fita ta gaba. Ka kuma tambayi abin da aka shimfiɗa a ƙasa. Kankare ko tsakuwa ake so. Ciyawar fadama bayan ruwan sama tana haɗiye taya da ƙafafun jak, mota ta karkace, firjin gas kuma ba ya aiki daidai sai mota ta daidaita. Riƙe katakai masu faɗi na sa wa a ƙarƙashi.

Nisan da taswira ta nuna zuwa cikin gari yana yaudara idan akwai gada a tsakani. Gadoji biyu ne kacal na mota tsakanin Memphis da Arkansas, ta babbar hanyar I-40 da ta I-55. A 2021 an rufe ta I-40 kusan wata uku saboda tsagewar ƙarfe, duk zirga-zirga ta koma kan ɗayar. Duba lokacin tafiyar da ƙarfe 8 na safe da 5 na yamma, ba da tsakar dare ba.

Saura ƙananan abubuwan da ke hana barci. Layin dogo yakan bi gaɓar kogi, jiragen kaya kuma suna busa ƙaho a kowace mahaɗa har cikin dare, don haka nemi layin a taswira ka zaɓi fili mai nisa da shi. Sauro ya fi yawa inda ruwa ya kwanta a bayan ganuwa, bakin kogi mai iska ya fi sauƙi. Yankin kuma na guguwa ne a bazara, motar gida ba mafaka ba ce. Tambayi inda ginin bulo yake tun kana karɓar lambar fili.

Ka iso da sauran rana. Idan hasashe ya nuna kogi na hawa, kada ka baje kaya: bar tirela a ɗaure da motar ja, hancinta na kallon ƙofar fita, tankin mai a cike, makulli a wuri ɗaya da kowa a motar ya sani.