Yadda za ka ci abincin Yahudawa a Faransa ba tare da ka faɗa haram ba

Ɗan Damagaram da ya je karatu Faransa, nama ne ke fara ba shi wahala. A gida ka san mahaucinka na Kasuwar Dole, wataƙila ma sahu ɗaya kuke bi. Can kuwa, in ba ka sami shagon halal kusa ba, nemi na Yahudawa. A Paris akwai su a titin Rosiers. Aya ta 5 ta suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi. Risalar da muka karanta a zaure ma ta ce ba laifi a ci yankansu, kitsen da aka hana su ne kawai aka karhanta, shi kuwa mahaucinsu yana cire shi tun kafin naman ya hau tebur.

Duba ƙofa ko kwali ka ga an rubuta "casher", wato abincin da addininsu ya halatta musu. Mai yankansu sai ya yi karatun yanka, wuƙarsa ba ta da ko tsaga. Bayan yanka sukan jiƙa naman, su barbaɗe shi da gishiri don jini ya fita, saboda haka rage gishirin miyarka. Yi cefane ranar Alhamis ko da safiyar Juma'a, don shagunan na rufe daga yammacin Juma'a har Asabar ta wuce.

Inda nake ja wa ƙannena kunne shi ne giya. Su alade haram ne gare su kamar mu, amma giyar inabi halal ce, har addu'a suke yi a kanta. Don haka miyar gwangwani, kek ko alawa, komai tambarin da ke jiki, juya kwalin ka karanta. Ka ga "vin", "rhum" ko "alcool", mayar da shi. "Parvé" kuma nufinsa ba nama ba madara a ciki, bai ce komai kan giya ba.

In abokin karatunka Bayahude ne mai kiyaye addini, kar ka ji haushi don ya ƙi kilishin da aka aiko maka. Yankanmu bai wadatar da shi ba. Raƙumi da zomo da tarwaɗa duk ba ya ci, kuma ba ya kora nama da fura da nono. Fara ce abin mamaki: Attaura ta halatta wasu irinta, Yahudawan Yaman sun daɗe suna ci, amma yawancin na Turai ba sa taɓa ta. Shi abokin naka, ka ba shi dabino da gyaɗa mai ɓawo.