Darasi na Bakwai: Neman Garin Kakanni a Tsohuwar Taswira

A gidaje da yawa akan ji tsoho ya ce, "Mu asalinmu ba nan ba ne, kakanmu daga wani gari ya taso, can bakin gulbi." Idan ka nemi sunan garin a taswirar da ke cikin waya sai ka rasa shi. Wani garin ya tashi ya zama kufai, wani an sake masa suna, wani kuma birni ya haɗiye shi ya koma unguwa. Tsohuwar taswira takan riƙe sunan da sabuwa ta manta.

Taswira zanen ƙasa ce kamar an hango ta daga sama. Yawanci arewa tana saman takarda, gabas a hannun dama. Ba sai ka yi zurfin karatu za ka iya duba ta ba. Wanda ya iya haɗa baƙi ya karanta sunan gari ya isa.

Amma kada ka fara da takarda. Fara da tsofaffin gidanku, musamman mata, domin kaka takan riƙe sunan garin da aka auro ta da wanda aka auro uwarta, abin da maza sukan bari ya shige. Ka je da goro, ka zauna, kada ka yi gaggawa. Ka ce, "Iya, wane hakimi garinku ke bi? Wace kasuwa kuke ci, kuma ran wace take ci? Tafiyar yini ce a ƙasa ko ta hantsi? Akwai dutse ko rafi kusa?" Ka rubuta duk abin da ta faɗa, ko da ka ga kamar ba shi da amfani.

Tambayar hakimi ita ce babba, ga dalili. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sun tsara ƙasa lardi-lardi, kowane lardi da gundumominsa, saboda karɓar haraji. Di'o, wato jami'in mulkin Turawa mai kula da gundumomi, yakan fita rangadi ya rubuta rahoton gunduma, da sunayen ƙauyukanta da yawan mutanenta, sau da yawa har da zanen taswira a haɗe. Irin waɗannan takardu suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, kuma da sunan lardi ake nemansu, ba da sunan jiha ba. Mutumin Jigawa, wadda aka ƙirƙira a 1991, Lardin Kano zai nema. Mutumin Zamfara, ta 1996, Lardin Sakkwato. A Kaduna ɗin kuma akwai Arewa House, tsohon gidan Sardauna, inda ake adana takardun tarihi. Idan Turanci zai ba ka wahala, tafi da ɗa ko jika ɗan makaranta.

Da taswirar ta zo hannunka, ka karanta sunayen da murya. Baturen da ya rubuta da kunnensa ya rubuta, kuma ba ya sa ƙugiya a ɓ da ɗ da ƙ. Shi ya sa Sakkwato ta zama Sokoto, Haɗeja ta zama Hadeija. Sunan da ido bai gane ba, kunne yakan gane shi. Ka kuma yi hattara da sunaye masu yawan takwara. Tudun Wada da Sabon Gari da Unguwar Rimi ba su ƙirguwa, don haka suna kaɗai bai isa ba, sai ya dace da kasuwar da rafin da kaka ta ambata.

A ƙasan takarda akwai ma'auni. Idan ka ga an rubuta 1:50,000, santimita 2 a takarda kilomita 1 ne a ƙasa. Tsofaffin taswirori da mil suke awo, mil 5 kuwa kusan kilomita 8 ne. Da wannan za ka gwada nisan da kaka ta faɗa.

Akwai garuruwan da a taswira kaɗai suka rage. Tsohuwar Bussa tana ƙarƙashin ruwan dam ɗin Kainji tun 1968, mutanenta aka mayar da su Sabuwar Bussa. Dam ɗin Tiga a ƙasar Kano ma ya tashi ƙauyuka. Mutumin birnin Kano kuwa yana da wata gata: matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya zo a 1851, ya zana birnin da Dala da Jakara da sunayen unguwanni. Abin daɗi ne mutum ya ga sunan unguwarsu a zanen da ya haura shekara 170.

Gargaɗi ɗaya: taswirar nan ba takardar mallakar gona ba ce. Kada ka ɗauke ta ka tayar da rigimar ƙasa da dangi.

Aikin wannan mako: ka samo sunan gari ɗaya daga bakin tsoho a gidanku, da hakiminsa da kasuwarsa. Ka zana su a takarda, arewa tana sama, ka kawo aji mu duba tare.