Darasi na 9: Ƙwaron da Ke Binne Mushe

A filayen ciyawa na ƙasar Amurka akwai wani ƙwaro baƙi mai tambarin ruwan lemo a bayansa. Tsawonsa yakan kai santimita 3 ko fiye da haka kaɗan. Masana suna kiransa Nicrophorus americanus. Da rana yana ɓoye, sai dare ya yi yake fita neman mushe.

Yadda yake rayuwa

Ƙwaron yana jin wari da ƙahonnin kansa, kuma yana iya gano mushe daga nisan kilomita 3. Ba kowane mushe ne ke yi masa ba. Yana son wanda ya kai gram 100 zuwa 200, wato kamar girman kurciya ko babban ɓera.

Idan namiji da mace suka haɗu a kan mushen, sai su shiga ƙarƙashinsa su riƙa tone ƙasa, mushen na nutsewa a hankali har ya ɓace, sau da yawa kafin gari ya waye. Dole su yi sauri, domin ƙudaje na zuwa da rana. A can cikin ramin sai su fige gashin, su dunƙule naman, su shafe shi da wani ruwa daga jikinsu wanda ke rage saurin ruɓewa. Macen ta yi ƙwai a gefe. Bayan 'yan kwanaki tsutsotsi su fito.

A nan ne abin ban mamakin yake. Yawancin ƙwari ba ruwansu da 'ya'yansu, su saka ƙwai su kama gabansu. Wannan kuwa uwa da uba suna zama. Tsutsa takan ɗago kai ta taɓa bakin iyayenta, su kuma su tauna nama su ba ta a baki, kamar yadda tsuntsu ke yi wa 'ya'yansa a sheƙa. Rayuwar ƙwaron gaba ɗaya ba ta wuce shekara guda.

Me ya same shi?

A da ana samunsa a jihohi 35 na Amurka da kudancin Kanada. Zuwa shekarar 1989, lokacin da gwamnati ta sa shi cikin halittun da ke gab da ƙarewa, wurare biyu kawai aka san yana nan: tsibirin Block a jihar Rhode Island, da gabashin Oklahoma. Daga baya bincike ya gano shi a Nebraska da Kansas da Arkansas da wasu 'yan jihohi. A 2020 aka sassauta matsayinsa zuwa na halittar da ke fuskantar barazana, kuma ba duk masana ne suka yarda da wannan hukunci ba.

Dalilan sun haɗu ne. An nome filayen ciyawa, an ratsa su da hanyoyi da gidaje, suka zama gutsattsari. Tsuntsayen ƙasa masu girman da yake so suka ragu. Wasu masana na ganin ƙarewar wata tantabarar daji, wadda ta ƙarshenta ta mutu a 1914, ta rage masa abinci sosai. A gefen gonaki da garuruwa kuma yanyawa da hankaki da sauran masu cin mushe sun yawaita, suna riga shi. Sai maganin feshi, da fitilun dare da ke rikita shi.

Abin da yake bukata

Kafin komai, fili mai faɗi wanda ba a yanka shi ba, da ƙasa mai laushi da danshi wadda za a iya tonawa. Wanda ke son ƙwaron ya dawo, sai ya fara da tsuntsaye da ɓerayen daji, domin in babu su babu wurin haihuwa.

A kudancin Nebraska wani itace da ake kira eastern redcedar da Turanci ya mamaye makiyaya, ya kashe ciyawa. Masu kiwon shanu suka haɗa kai suna sare shi, suna kuma cinna wuta da tsari, a lokacin da suka zaɓa. Ciyawa ta dawo, shanu suka samu abinci, ƙwaron ma ya ƙaru. Ku lura, wutar da aka shirya mata daban take da gobarar daji.

Akwai kuma kiwo. Gidan namun daji na birnin St. Louis yana hayayyafa ƙwaron, kuma a 2012 aka fara sakinsa a wani filin ciyawa a jihar Misuri. Ma'aikata su haƙa rami, su sa mushen salwa, su ɗora namiji da mace a kai, su rufe, su shimfiɗa ragar waya don kada wata dabba ta tone. Don ƙidaya kuma, bokiti suke binnewa da ruɓaɓɓen nama a ciki, su leƙa da sassafe kafin rana ta yi zafi, su sa wa ƙwaron alama su sake shi.

Aikin aji

Ku karanta darasin da babbar murya, sannan ku rubuta amsa: Wane girman mushe ƙwaron ke nema? Me ya sa yake binne shi da dare? Ta yaya sare itatuwa ya amfani shanu da ƙwaro tare a Nebraska?